Hoton tauraron ɗan'adam kyauta ne, karanta shi ne aiki

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon fili a jaridarka mai farin jini domin 'yan'uwanmu manoman Jazira, Sinnar da Mai Wurno a ƙasar Sudan.

Tun da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023, zagayen duba gonaki da magudanai ya yi wuya, amma taurarin ɗan'adam ba su fasa wucewa ba. Sentinel-2 na Tarayyar Turai yana ɗaukar hoton wuri kusan duk kwana 5, kuma kowa na iya sauke shi kyauta. Kowane ɗigo a hoton mita 10 ne tsawo da faɗi, wato faddan ɗaya (ma'aunin gona a Sudan, kusan eka ɗaya) ɗigo 42 ke nan. A Landsat na Amurka faddan bai kai ɗigo 5 ba, sai dai taskar hotunansa ta faro tun 1972.

Lafiyayyen ganye yana shanye jan haske, ya mayar da wani hasken da ido ba ya gani. Da bambancinsu ake auna ƙarfin tsiro. Magudanar Abu Ishirin, wato ƙaramar magudanar da ke kai ruwa gonaki, ta yi siririya a gan ta sosai, amma in laka ko ciyawa ta toshe ta, gonakin ƙarshen layi za su dusashe alhali na bakin ruwa suna kore shar. A jera hotuna uku kafin a yanke hukunci, domin ƙurar guguwar habub ma tana dusashe hoto.

Abin da ya fi damunmu shi ne ɗaukar duk kore a matsayin amfanin gona. Hawashar (wato gonar manomi a tsarin ban-ruwa) da aka bari ciyawa ko itacen muskit suka cinye ta, daga sama sai ta yi kama da dawa mai kyau. In aka ƙiyasta girbi da wannan, za a rage wa mayunwata tallafi.

A Agusta gajimare kan rufe ƙasa, sai a koma radar ta Sentinel-1 mai ratsa shi, wadda ta dace da ambaliya irin ta 2020. Ruwa kwantacce baƙi yake fitowa, amma busasshen rairayi ma haka, kuma in iska ta kaɗa ruwan sai ya ɓace a hoton. Dole a gwada da hoton rani na wurin.

Roƙonmu ga Jami'ar Jazira da kwamitocin manoma: a samu matasa a kowane ƙauye su riƙa turo hoton gona ta waya, da kwanan wata, irin shuka da lambar GPS, a tsaye a tsakiyar gonar, ba a gefen hanya ba. Sakamakon kuma a karanta shi a rediyo da Hausa da Larabci kowane mako, tun daga shuka har girbi.

Wassalam,
Wasu ma'aikatan safiyo da ban-ruwa, Sinnar