Gayyar da ta ɗauki nauyin lilin na Ayalan

Zuwa ga Edita,

Ina roƙon ɗan fili a jaridarka domin in yi tsokaci a kan yadin lilin na ƙasar Ayalan. Duk lokacin da aka tayar da zancensa, masaƙun birnin Belfast ake ambata, ko Louis Crommelin, Bafaranshen masanin saƙar lilin da ya sauka garin Lisburn a 1698, alhali a ganina manoman ƙauyukan lardin Ulster da ke arewacin Ayalan ne suka sha wahalar da ta fi kowace.

Tsiron da ake samun zaren daga jikinsa, wato filas, ba ya jiran kowa. A da, ana shuka shi wajen watan Afrilu, kuma idan ya nuna bayan kimanin kwana 100, ba a sa masa lauje. Tuge shi ake yi da hannu har saiwa don kada zaren ya gajarce. Jinkiri kaɗan yana sa zaren ya yi kaushi, don haka babu magidancin da zai iya da iyalinsa kaɗai. A wancan zamani maƙwabta ke haɗuwa a gayyar da suke kira meitheal, su gama gonar wannan su wuce ta wancan, uwargida ta ciyar da su, wanda aka yi wa aiki kuma ya rama da ƙarfinsa idan layi ya zo kan wani.

Daga nan sai a jiƙa dammunan a rami, kamar yadda ake jiƙa rama, a danne su da duwatsu har kusan mako biyu. Ranar fitarwa maza ke shiga ruwan sanyi mai ɗoyi suna cillo dammuna masu nauyi zuwa gaɓa, kuma ruwan nan yakan kashe kifi idan aka sake shi cikin rafi. Mata da yara su shanya a kan ciyawa, sannan a kai injin bugu mai aiki da ƙarfin ruwa, inda ma'aikata da dama suka rasa yatsu. Kaɗi kuwa aikin mata ne a gida.

Hukuma ma ta san inda ƙarfin yake, domin a 1796 Hukumar Lilin ta ba duk wanda ya noma eka ɗaya na'urar kaɗi huɗu, mai eka biyar kuma na'urar saƙa ɗaya. Noman ya farfaɗo a Yaƙin Duniya na Biyu, amma zuwa ƙarshen shekarun 1950 ya kusa ɓacewa, masaƙun suka dogara da filas ɗin ƙasashen waje.

Wassalam,
Mai karanta jaridarka