Maigidana ya hana ni allurar masu ciki, ga shi na shiga wata na shida

Assalamu alaikum Anti Likita,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon a sakaya sunana, don dangin mijina ma suna sauraron shirin nan.

Shekarata 24, ina koyarwa a wata makarantar firamare a Kano, kuma wannan ne cikina na fari. Tun ina wata uku na fara zuwa awo, maigidana da kansa yake kai ni a babur. Maganin ƙarin jini da Fansidar zazzaɓin cizon sauro, shi yake tuna min in sha. Amma ranar da ya ga an rubuta allurar tetanus a katina, sai ya ce ban da wannan. Sau biyu ke nan ina sulalewa daga layi da sunan zan zaga bayi. Zuwan ƙarshe nas ɗin ta gano ni, ta ce, "Haba Malama, har da ke?"

Anti, da a ce maganar banza yake yi da abin ya zo min da sauƙi. Hujjarsa abin da ya faru a garin nan ne a 1996, lokacin annobar sanƙarau, da kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a Asibitin Zana. Yara kusan 200 aka sa a gwajin, 11 suka rasu, wasu suka nakasa. Kamfanin ya ce sanƙarau ne ya yi ɓarnar, iyaye kuma suka ce ba wanda ya gaya musu gwaji ake yi da 'ya'yansu. Sai a 2009 aka yi sulhu da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. Yana yaro a lokacin, amma labarin a bakin Hajiyarsa ya tashi yana ji. In na kawo masa zancen shan inna, cewa ga shi tun 2020 aka tabbatar an kawar da asalin cutar a ƙasar nan, sai ya ce ai sai da Kano ta dakatar da rigakafin a 2003 aka yi bincike, aka kawo na Indonesiya, sannan aka ci gaba. Wato a ganinsa taurin kan ma ya yi rana. Kullum kuma da tambaya ɗaya yake rufewa: asibitin da Panadol ma sai ka saya, me ya sa allura ce kaɗai kyauta, kuma mata masu haihuwa ake bi da ita?

Ni kuwa akwai abin da idona ya gani. Ina aji biyar yayata ta haihu a gida a ƙauyenmu, aka yanke cibi da reza, ana gasa shi da tsumma. Kwana shida yaron ya daina kama nono, bakinsa ya ƙi buɗuwa, jikinsa yana sandarewa ko da ƙofa aka buga. Aka ce iska ce, aka yi ta hayaƙi. An riga an sayi ragon suna, bai kai ba. Sai da na girma na ji ana kiran abin sarƙewar haƙora, wato tetanus, ƙwayar cutar tana cikin ƙasa da kashin dabbobi, ta cibi take shiga. Nas ta ce shi ya sa uwa ake yi wa allurar, don garkuwar ta ratsa ta mabiyiya ta isa ga jariri tun yana ciki. Ta ce allurar yanzu har da kariyar mashaƙo a cikinta, mu kuwa a Kano mun ga yadda mashaƙo ya yi da yara a 2023.

Hajiya surukata ta ce tara ta haifa ba allura ko ɗaya. Ban iya tuna mata cewa biyu daga cikinsu sun koma tun suna cikin tsumma ba, wa ya isa.

Sai dai ni ma kaina ba ƙalau nake ba. Na karanta a waya cewa tun bayan maganin thalidomide, wanda ya sa aka haifi dubban jarirai da naƙasassun hannuwa da ƙafafu a Turai wajen 1960, masu bincike suke gudun sa masu ciki a gwaji. Ko rigakafin korona ba da mu aka fara gwada shi ba. To in likita ya ce abu ba ya cutar da mai ciki, daga ina ya samo tabbacin? Na ji an ce ita ta tetanus shekaru da dama ana yi wa masu ciki a duniya, amma ina son in ji daga bakinki. Wa yake duba wadda ake kawo mana, NAFDAC ce? In wani abu ya same ni bayan an yi, wajen wa zan kai ƙara? Zargin da yake yi cewa allurar tana hana haihuwa kuma, wace amsa zan ba shi wadda ba "ka yarda kawai" ba?

Ƙawata ta ce in yi abina a ɓoye. Zuciyata ba ta kwanta ba, ba na son fara zaman aure da ɓoye-ɓoye, kuma shi yake ajiye katin. Na yi tunanin kai magana wajen limamin unguwarmu ko yayansa, ina tsoron ya ce na kai ƙararsa.

Lokaci kuma yana ƙure min. Nas ta ce biyu ake so in samu, mako huɗu a tsakaninsu, ta biyun kuma aƙalla mako biyu kafin haihuwa. Ranar Talata ta sama zan koma awo. In na lallashe shi ya shigo ciki maimakon ya tsaya wajen babur, akwai wanda zai zauna ya amsa masa tambayoyinsa ba tare da an yi masa tsawa a gaban mata ba?

Taki mai saurare,
Wata 'yar'uwa daga Kano