A Riƙa Tuntuɓar Ma'aikatan Jinya Kafin a Kawo Manhajar Asibiti

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida domin in ja hankalin hukumomin lafiya kan yadda ake shigo da kwamfuta asibitocinmu ba tare da an ji ta bakin ma'aikatan jinya ba, alhali su ne ke kwana da majinyaci, su ne kuma suka fi kowa rubutu a kansa.

Yawancin manhajojin da ake kawowa sun fi karkata ga yankar kati da karɓar kuɗi da haɗa alƙaluman da za a tura sama. Manhajar DHIS2, wadda Jami'ar Oslo ta ƙasar Norway ta samar, Najeriya kuma ke tattara bayanan lafiya da ita, ta taimaka ƙwarai wajen sanin yawan yaran da aka yi wa rigakafi da matan da suka zo awon ciki. Sai dai a yadda ake amfani da ita a mafi yawan cibiyoyinmu, jimillar wata kawai take karɓa, ba za ta tuna wa nas cewa lokacin allurar mai gado na huɗu ya yi ba. Mai aikin dare za ta auna zafin jiki da hawan jini ta rubuta a takardar bakin gado, ta maimaita a folda, ta sake maimaitawa a littafin miƙa aiki, sannan idan aka kawo kwamfuta sai a ce ta shigar a can ma, ba tare da an ɗauke mata ko takarda ɗaya ba.

A Amurka, wata ma'aikaciyar jinya mai suna Sue Kinnick, a asibitin tsofaffin sojoji na garin Topeka, ita ce ta kawo shawarar a riƙa amfani da na'ura a haska lambar da ke ɗaure a hannun majinyaci tare da ta jikin magani kafin a ba shi, domin a tabbatar maganinsa ne, bayan ta ga irin na'urar a wurin masu ba da hayar mota. Zuwa shekarar 2000 tsarin ya bazu a asibitocin tsofaffin sojojin ƙasar. A ganina abin ya karɓu ne domin wadda ta san ciwon kuskuren magani ce ta faro shi.

Saboda haka ina kira ga ma'aikatun lafiya da su zauna da nas-nas da ungozomai tun kafin a ba da kwangila, su kuma nemi manhajar da ke aiki ko babu intanet, a haɗa ta da sola, tunda kowa ya san halin wutar lantarkinmu. Ya kamata Hukumar Kula da Aikin Jinya da Ungozoma ta Najeriya ta ƙarfafa koyar da wannan fanni a makarantun jinya, har da yadda za a kiyaye sirrin majinyaci bisa dokar kare bayanai ta 2023, domin a daina ba kowa lambar sirri guda ɗaya a liƙa ta a jikin tebur.

Na gode.

Wata ma'aikaciyar jinya,
Kano.