Na kashe matacin bincike domin karatuna, ashe wayar ɗana na buɗe

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Hajiya, bayan gaisuwa mai yawa da fatan kina cikin ƙoshin lafiya ke da iyalinki, ina roƙon Allah Ya saka miki da alheri bisa wannan fili da kike share wa mata irina hawaye. Na daɗe ina bin amsoshinki, ban taɓa kawo wa raina cewa wata rana ni ma zan rubuto ba. Ina roƙon ki sakaya sunana, domin maganar ta shafi yaro ƙarami, kuma har zuwa yau mahaifinsa bai san da ita ba.

Ni matar aure ce, shekaruna 34, 'ya'yana uku, muna zaune a Kano. Na yi shekara tara ina aiki a wani ƙaramin asibitin unguwa kafin maigidana ya amince na koma makaranta karatun ungozoma. Amincewar ba ta zo da sauƙi ba, domin a danginsa akwai waɗanda suka ce mace mai 'ya'ya uku ba ta da sauran boko sai tarbiyya, amma shi ya tsaya mini, har ya ɗauki kuɗin adashinsa ya sayo mini kwamfutar tafi-da-gidanka. Na kawo wannan ne don ki fahimci abin da ya sa bakina ya yi nauyi a gabansa yanzu.

Da na sauya waya bara, sai na bar wa yara tsohuwar domin aikin gida na makaranta da sauraron karatun Alƙur'ani. Ban cire asusuna na Google daga cikinta ba, saboda ban ga dalilin cirewa ba. Abin da na yi shi ne na kunna tsarin da suke kira SafeSearch, wato matacin da ke tsare hotuna da bidiyon batsa da na zubar da jini kada su fito a sakamakon bincike. Matakinsa uku ne. Akwai wanda ke tace abin gaba ɗaya, akwai na tsakiya wanda ke lulluɓe hoton da hazo sai mutum ya taɓa shi da kansa sannan ya bayyana, akwai kuma kashewa ɗungurungum. Tun shekarar 2023 kamfanin ya mayar da na tsakiyar ya zama shi ne babban mutum ke tararwa idan bai sauya komai ba, amma ni na zaɓi mafi tsauri, na kuma kwanta da kwanciyar hankali cewa na yi wa gidana katanga.

A zangon karatun da muke ciki muka shiga darasin tsagewar da mace ke samu a gabanta lokacin haihuwa. Matakinta huɗu ne: ta farko fata kawai take taɓawa, ta biyu ta shiga tsoka, ta uku ta kai ga tsokar da ke riƙe dubura, ta huɗu kuwa ta ratsa har cikin hanyar bayan gida. Ungozoma tana iya ɗinke ta farko da ta biyu, kamar yadda take ɗinke ƙarin da aka yi wa mai naƙuda, amma ta uku da ta huɗu aikin likita ne, kuma idan ta kasa bambancewa ta ɗinke sama ta bar ƙasa, tana iya jefa baiwar Allah cikin yoyon bayan gida. Duk wanda ya taɓa leƙa cibiyar masu yoyon fitsari ta Babbar Ruga a Katsina, ko sashensu na asibitin Murtala a nan Kano, ya ga 'yan mata ƙanana zaune a kan leda suna jiran aiki, ya san cewa wannan ilimi ba abin wasa ba ne. Zanen da ke cikin littafi a tsaftace yake, layi-layi, alhali a ɗakin haihuwa jini da kumburi ne suke rufe komai. Ina bukatar ganin hoton gaske.

Da na bincika a kwamfutata, sai na ga zane ne kawai ke fitowa, hotunan da nake nema ƙalilan ne. Wata abokiyar karatuna ta ce matacin ne ya tare su, ta nuna mini inda ake sauyawa. A nan zan faɗa miki gaskiya ko da a kaina take: da na tsaya a matakin tsakiya, da ya wadatar da ni, sai dai in riƙa taɓa kowane hoto ɗaya bayan ɗaya. Gajiya da gaggawa suka sa na kashe shi baki ɗaya, da niyyar in mayar idan na gama. Na gama wajen ƙarfe ɗaya na dare, na rufe kwamfuta na kwanta, na manta.

Abin da ban sani ba shi ne, wannan zaɓi yana bin asusun mutum ne, ba na'urar da ya yi sauyin a kanta kaɗai ba. Tunda asusuna ɗaya ne a kwamfutar da kuma tsohuwar wayar, daren da na kashe matacin a ɗakina, a daren ya mutu a hannun 'ya'yana.

Kusan mako uku bayan haka na shiga tarihin binciken asusuna ina neman wani shafi da na karanta a kan jijjigar masu ciki, sai idona ya sauka a kan kalmomin da ban taɓa rubutawa ba. Na bi su a hankali tun daga farko, jikina yana rawa. Na farkon ba shi da laifi ko kaɗan: ɗan farina, mai shekara 12, yana aji biyu a ƙaramar sakandare, an ba su aikin gida a darasin kimiyya kan gaɓoɓin haihuwa na ɗan Adam, shi ne ya rubuta tambayar kamar yadda take a littafinsa, da ƙarfe biyar na yamma. Bayan minti kaɗan sai wata kalma ta biyo, sannan wata. Washegari babu komai. Daga rana ta uku abin ya koma dare, sha ɗaya, sha biyu, wani lokaci har ɗaya, kuma kalmomin suka zama irin waɗanda na tabbata ba a gidana ya ji su ba, wasu ma da kuskuren rubutu irin na yaron da yake kwaikwayon abin da ya gani. Hajiya, kuskuren rubutun nan shi ya fi komai karya mini zuciya, domin ya tuna mini cewa jiya-jiya nake riƙe hannunsa ina koya masa riƙon fensir.

Sai a lokacin abubuwan da na riƙa gani ina wucewa suka dawo mini. Yaron da shi ke tashin ƙannensa sallar asuba ya koma sai an yi ta bubbuga shi. Idan na miƙa masa abinci ba ya ɗaga ido ya dube ni. Sau biyu ina samun wayar a ƙarƙashin matashinsa da zafi a jikinta, ya ce mini karatu yake saurare barci ya ɗauke shi, ni kuwa har albarka na sa masa.

A ranar na mayar da matacin, na karɓe wayar na ce masa batirinta ne ya lalace, na kulle ta a durowata. Yau kwana tara ke nan. Bai tambaye ni ba, ni ma ban ce masa komai ba, amma ina ganin ya san na sani, domin yanzu ko ɗakina ba ya son shiga. Na yi masa ƙarya a kan batirin, wannan ma yana damuna.

Na yi tambaya a kan yadda ake gyara ɓangaren na'ura, kuma na samu bayani. An ce in buɗe wa yaron asusunsa daban da shekarunsa na gaskiya, in haɗa shi da manhajar Family Link, wadda ke ba iyaye damar kula da asusun yaron da bai kai 13 ba, su kulle matacin yadda ba zai iya kashewa ba, su kuma sa lokacin da wayar za ta rufe kanta da dare. Zan yi hakan in sha Allahu. Sai dai bayanin ya ƙara mini fargaba ta wani gefen, domin na gano cewa matacin binciken Google kawai yake tacewa. Ba ya hana mutum shiga shafin da ya riga ya san adireshinsa, YouTube yana da nasa tsarin takaitawa daban, shafin bincike na Bing ma da nasa, kuma babu ruwansa da abin da yara ke tura wa juna ta WhatsApp ko Xender a bayan aji. Su kansu masu shi ba su ce yana kama komai ba. Yaron da ya riga ya san sunan abin da zai nema, rariya ba za ta tsare shi ba.

Don haka ba maganar waya ta kawo ni gare ki ba, maganar mutane ce. Ta farko, yaya zan tunkari yaron? A tarbiyyar da aka yi mana, uwa ba ta ko ambatar sunan ɗan farinta, balle ta zauna da shi a kan irin wannan zance. A asibiti ina yi wa matan da suka haife ni bayanin al'aurarsu ba tare da na ji nauyi ba, amma a gaban ɗan cikina harshena ya ƙi motsi. Na yi tunanin in sa ƙanena, kawunsa, wanda suke shiri sosai, ya yi masa magana, sai kuma na ji tsoron kada yaron ya ga na tona masa asiri a dangi ya ƙara nesa da ni. Ba na son duka, domin ba shi ya buɗe ƙofar ba, ni na buɗe, shi aikin makaranta ya je yi. Amma kuma ba na son in sassauta har ya ɗauka abin da ya ci gaba da nema da kansa cikin dare ba laifi ba ne. Ya kusa balaga, ya haddace Suratun Nur a Islamiyya, ya san ayar da ta umarci muminai su runtse idanunsu. Ta yaya zan tuna masa da ita ba tare da na sa ya ɗauki kansa lalatacce ba?

Ta biyu ita ce mahaifinsa. Na san haƙƙinsa ne ya sani, kuma hadisin da ya ce dukkanmu makiyaya ne, kowa za a tambaye shi abin da aka ba shi kiwo, ya hau kansa kamar yadda ya hau kaina. Amma mutum ne mai zafin zuciya a kan tarbiyya, ina tsoron hannunsa a kan yaron, ina kuma tsoron ya ce maganar danginsa ta tabbata, karatuna ne ya jawo. Idan ya ce in ajiye makarantar, ban san da wane baki zan musa ba. Shin in fara magana da yaron sannan in sanar da shi, ko in sanar da shi mu tunkari yaron tare? Ko kuwa akwai halin da rufa wa yaro asiri ya fi alheri, ko da daga mahaifinsa ne?

Akwai kuma ƙanwarsa mai shekara takwas, wadda ita ma takan ɗauki wayar ta yi wasa. Ban ga alamar komai a tare da ita ba, kuma ban san ko in tambaye ta ba, kada tambayar tawa ta zama ita ce za ta buɗe mata ido.

Ta ƙarshe ta shafe ni ni kaɗai. Jarrabawar Hukumar Kula da Ma'aikatan Jinya da Ungozoma ta Nijeriya tana gabana, kuma akwai darussan cututtukan sanyi da kansar bakin mahaifa da ba a gane su sai da hoto. Tun ranar da abin ya faru ban sake iya buɗe irin waɗannan shafuka ba, ko da a matakin tsakiya, sai in ji kamar ina aikata abin kunya, alhali na san larura ce kuma ilimi ne da zai ceci rayuka. Ina so ki faɗa mini ko wannan nauyin da nake ji gargaɗi ne da ya kamata in saurara, ko waswasi ne da ya kamata in ture in ci gaba da karatuna.

An ba yaran wani aikin gidan da za su kai ranar Litinin, ƙanwar tasa ta riga ta fara tambayata yaushe za a gyara batirin. Ina roƙon ki taimaka ki amsa mini da wuri gwargwadon hali.

Allah Ya ƙara miki lafiya da basira.

Taki,
wata ɗalibar ungozoma daga Kano