A riƙa duba cin wutar kaya kafin a saya

Ranka ya daɗe Edita,

Na karanta rahotonku na kwanan nan kan yadda kuɗin wutar lantarki ke ci wa magidanta tuwo a ƙwarya. Rahoton ya yi nauyi a kan farashi, amma bai taɓo kayan da muke jonawa a gidajenmu ba, alhali a nan ne asara mai yawa take.

Mu ɗauki ƙwan fitila. Tsohon ƙwai mai wat 60 kusan duk wutar da yake ja zafi take komawa, shi ya sa ba a iya taɓa shi idan ya daɗe a kunne. Ƙwan LED mai wat 9 yana ba da haske kusan daidai da nasa. Gidan da ke kunna ƙwai 10 awa 5 kullum zai ci yunit 90 a wata da tsohon ƙwai, amma da LED bai kai yunit 14 ba. Haka firiji: idan robar ƙofarsa ta saki, sanyi na zurarewa, injin kuma ya yi ta aiki dare da rana.

Matsalar ita ce mai saye farashi kawai yake gani. Araha ta ja shi, ya dawo yana biya wata-wata.

Don haka ina kira ga hukumomin kula da ingancin kaya su tilasta manna takardar cin wuta a jikin kowane firiji, fanka da na'urar sanyaya ɗaki, da rubutun da kowa zai gane. Jaridarku kuma ta ware shafi don koya wa jama'a karanta ta.

Naku,
Mai karatu