A rage nuna gawarwaki, a bar shaidu su yi magana

Ranka ya daɗe Edita,

Assalamu alaikum. Na kalli fim ɗin tarihi da tasharku ta haska kan kisan ƙare dangi na Ruwanda, kuma kun kyauta da kuka kawo shi. Mutum kusan 800,000 aka hallaka cikin kwana 100, daga Afrilu zuwa Yulin 1994, akasarinsu 'yan Tutsi, har da 'yan Hutun da suka ƙi sa hannu a ta'asar. Waɗanda aka haifa a waccan shekarar, yau sun zama iyaye, kuma da yawansu ba su san labarin ba.

Ƙorafina a kan yawan gawarwakin da aka yi ta nunawa ne. Hoton farko ya girgiza ni. Kafin a kai na goma ido ya saba, har na ji wani a ɗakin yana tambayar ko an kusa gamawa. Wannan sabo da ido ya yi shi ne abin tsoro. Ga kuma haƙƙin mamatan kansu: kowace gawa a bakin hanyar nan uwar wani ce ko ɗan wani, kuma danginsu suna raye.

Abin da ya hana ni barci a fim ɗin wata mata ce da aka tambaya ina 'ya'yanta. Ta buɗe baki, ta rufe, ta shiga murza gefen zaninta. Mai ɗaukar hoto bai kawar da kyamara ba, bai kuma sa kiɗa ba. Allah ya saka masa da alheri.

Masu wannan sana'a sun daɗe da gane haka. Fim ɗin Shoah na Claude Lanzmann, wanda ya fito a 1985 kan kisan Yahudawan Turai, ya haura awa 9 ba tare da tsohon hoton sansanonin 'yan Nazi ko guda ba. Shaidu ne kawai da wuraren da abin ya faru. A ciki akwai wani mai aski, Abraham Bomba, da yake ba da labarin yadda aka tilasta masa aske gashin mata a sansanin kisa na Treblinka kafin a kashe su. Yana magana almakashi na hannunsa, sai murya ta sarƙe. Lanzmann ya matsa masa lamba sai ya ci gaba. Ni dai har yau ina ganin matsin ya yi yawa, domin mai fim zai naɗe kayansa ya tafi, shi kuwa mai shaida da abin zai kwana.

Wani giɓin kuma, fim ɗin da kuka haska bai tsaya kan rediyon RTLM na Ruwanda ba, wanda ya yi ta kiran 'yan Tutsi kyankyasai, yana karanta sunayen mutane da inda suka ɓuya. Kotun ƙasa da ƙasa kan Ruwanda da ta zauna a Arusha, Tanzaniya, ta hukunta wasu jagororinsa a 2003. Ku da kuke riƙe da makirufo, wannan ɓangaren ya fi shafarku.

Ina roƙon in za ku maimaita shi a Afrilu, ku yi gargaɗi tun farko, ku ɗaga shi zuwa dare bayan yara sun kwanta, sannan ku ware ko da minti 20 a zauna da masanin tarihi da likitan ƙwaƙwalwa, masu kallo su bugo waya.

Na gode.

Naku,
Wani mai kallo