A duba rak kafin a zargi ƙwaƙwalwar inji

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ina neman ɗan fili don yi wa masu ƙananan masana'antu na Kumasi magana, musamman masu buga ruwan leda da masu tsaga katako a Kaase da Ahinsan, da kuma yaranmu na Zango da ke koyon lantarkin inji. In inji mai PLC, wato 'yar kwamfutar da ke sarrafa aikinsa, ya tsaya, abin da ake fara ji shi ne "CPU ya ƙone", wato ƙwaƙwalwar injin, sai a ruga neman wani da tsadar gaske. Sau da yawa laifin yana jikin rak, wato ƙarfen da ake jera katunan lantarkin PLC ɗin a kai, wanda ba wanda ke waiwayarsa.

Rak ba maratayi ba ne kawai. A samfurin ControlLogix na Allen-Bradley, akwai allo a bayansa wanda ta cikinsa wuta da saƙo ke isa kowane kati. Yana zuwa da gurbi 4, 7, 10, 13 ko 17, ana ƙirga su daga sifili ta hagu, kuma fawa saflai, mai ba katunan wuta, na maƙale a gefen hagu, bai cin gurbi. Kowane kati na iya zama a kowane gurbi, amma da zarar an rubuta furogiram, lambar gurbin ta zama adireshinsa. Ka ɗauke kati daga gurbi na 3 ka mai da shi na 5, CPU zai neme shi ya rasa, alhali katin lafiyarsa ƙalau.

S7-300 na Siemens, wanda ya cika injunan da ake shigowa da su na hannu daga Turai, tsarinsa daban ne. Dogon ƙarfe ne kawai, ba allon baya. Wani ɗan maɗauri da ke bayan kowane kati shi ke haɗa shi da maƙwabcinsa, don haka ba a barin giɓi a tsakani. Gurbi na 1 na fawa saflai ne, na 2 na CPU, na 3 na katin haɗa rak da rak, sannan 4 zuwa 11 na katunan shiga da fita. Takwas ke nan, ba ƙari. Mai son fiye da haka sai ya ƙara rak, iyakarsu huɗu. Maɗaurin nan ƙarami ne, yakan faɗi ko a manta da shi in an sauya kati, daga nan duk katunan da ke damansa su yi shiru kamar sun mutu tare.

Inda aka fi yin ganganci shi ne lissafin wuta. Ganin gurbi a buɗe ba ya nufin akwai wutar da za ta ɗauki sabon kati. A ControlLogix, fawa saflai 1756-PA72 na ba da amfiya 10 a layin bolt 5.1, PA75 na ba da 13, kuma kowannensu ba ya wuce wat 75 gaba ɗaya. A S7-300, abin da katunan rak ɗaya za su ja ta maɗauran baya kada ya haura amfiya 1.2. Kowane kati an rubuta abin da yake ci a takardarsa. A ɗauki biro a tara, a bar rarar kamar kashi ɗaya cikin biyar. In ba a yi ba, inji zai yi aiki da safe, rana ta take ya riƙa mutuwa yana tashi, a yi ta zargin dumsor, wato ɗauke-ɗauken wuta, ko janareta.

Sai zafi. An ƙera waɗannan na'urori su jure har digiri 60, amma zafin cikin akwatin da aka kafa rak ɗin ake nufi, ba na waje ba. Akwatin ƙarfe a rufe, ƙarƙashin rufin kwano, ga inbata mai sarrafa gudun motar lantarki na hura zafi a ciki, ba ya daɗewa yake kusantar wannan iyaka a watan Maris. Katunan ba su da fanka, iska ce ke shiga ta ƙasa ta fita ta sama. Shi ya sa ControlLogix ke son sarari kamar santimita 15 sama da ƙasa, S7-300 kuma milimita 40. In aka kafa S7-300 a tsaye saboda ƙarancin wuri, iyakar ta sauko digiri 40. A ControlLogix, gurbin da ba kati a rufe shi da murfinsa, 1756-N2, don ƙurar hunturu da garin katako ba sa neman izini. Kuma don Allah a daina barin ƙofar akwati a buɗe ana kunna mata fankar ɗaki. A sa fanka mai matata, a riƙa wanke matatar.

Wayar ƙasa, wato "earth", ma haka. A kankare fenti inda noti zai zauna, a sa wosha mai haƙora, a ja waya mai kauri, gajera, zuwa sandar ƙasa ta akwatin. Siemens na neman aƙalla milimita murabba'i 10. Rashin wannan ke sa ma'aunin zafi ko na matsin ruwa ya riƙa rawa duk sanda babbar motar lantarki ta inji ta tashi.

Wanda zai sayi rak na hannu, a Suame ne ko wurin dillalan Accra, ya haska tocila cikin kowane soket ya duba haƙoran da suka lanƙwashe ko suka yi kore, ya ɗora shi kan teburi ya ga ko ya karkace. Ya kuma sani cewa tun Oktoban 2023 Siemens ya sanar da fara janye S7-300, don haka mai irin wannan inji gara ya ajiye maɗaurai biyu ko uku da fawa saflai guda tun ana samu, ya kwafi furogiram ɗinsa a filashi, ya liƙa takarda a ƙofar akwati mai nuna wane kati ke wane gurbi.

Na gode, Malam Edita. Allah ya ƙara basira.

Naka,
Mai gyaran lantarkin masana'antu,
Asawase, Kumasi